Takarda, hannu da girma: tambayoyin da ake yi mini kan aikin jinya a Damagaram

Duk shekara idan ƴan sitaj, wato ɗaliban da ke zuwa koyon aiki, suka zo sashenmu, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Haka ma iyayen da ke tare ni a gidan suna ko a Kasuwar Dole suna neman shawara kan makarantar da za su sa ƴaƴansu. Da takardar ASB, ta ƙaramin ma'aikacin lafiya, na fara aiki a wata likitar ƙauye, daga baya na koma aji na yi lisans, yanzu ni ce majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wani sashe a nan cikin gari. Na ɗanɗani rainin da ake yi wa mai ƙaramar takarda, na kuma ga irin kallon da ake yi wa mai sabuwa. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da amsar da nake bayarwa.

Duk farar riga kuke sawa. Mene ne bambancinku?

Ga marar lafiya duk wanda ya riƙe allura lokotoro ne, kuma ba laifinsa ba ne. Amma a cikin gida muna da hawa-hawa.

Akwai ma'aikacin lafiya na karkara, wanda ke riƙe ɗan ɗakin shan magani da muke ce wa kaz. Yawancinsu horon wata shida suka samu, kuma sun yawaita ne bayan shekarar 2001, lokacin da shiri na musamman na shugaba Tandja Mamadu ya gina waɗannan ɗakuna a ƙauyuka. Akwai ASB, wanda ke shiga makaranta da BEPC ya yi shekara uku, a koya masa jinya da ɗan abin da ya shafi awon ciki da haihuwa, domin ya iya riƙe wuri shi kaɗai. Akwai IDE, mai takardar jinya ta ƙasa, wanda shekara da shekaru shi ne ƙashin bayan likitocinmu. Sai mai lisans, wanda ke shiga da bak ya yi shekara uku, sannan waɗanda suka ƙware a fanni ɗaya, kamar masu sa barci a ɗakin tiyata da masu taimaka wa likitan fiɗa.

Akwai kuma dattawanmu masu tsohuwar takardar satifika. Da yawansu a nan Damagaram aka horar da su, a makarantar da a da ake kira ENICAS, wadda yanzu ita ce ENSP ta Zinder, makarantar kiwon lafiya ta ƙasa. Suna ta yin ritaya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ya tafi yakan tafi da wani abin da ba a rubuta a ko'ina ba.

To wa ya fi wani, mai babbar takarda ko wanda ya daɗe a aiki?

Wannan ita ce tambayar da ke hana mu zaman lafiya, don haka zan daɗe a kanta.

Wani dare cikin watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana gadaje har a shimfiɗa tabarmi a baranda, aka kawo yaro ɗan wata goma sha ɗaya. Tafin hannunsa fari fat, numfashi sama-sama. Jini yake buƙata, kuma ba a sa jini sai an samu jijiya. Wata yarinya mai lisans, wata uku da fara aiki, ta soka sau uku ba ta samu ba. Hannunta ya fara rawa, uwar yaron ta fara salati da ƙarfi. Wani dattijo mai satifika da ke gardi tare da mu ya taso, bai ce mata matsa ba. Cewa ya yi: "Ɗiyata, riƙe mini kansa, ki haska nan." Ya ɗan aske gashin gefen kai, ya shafa da ɗan yatsa kamar mai neman zare, ya soka sau ɗaya, jini ya leƙo a bututu. Da ya gama liƙewa sai ya kama yatsanta ya ɗora a ɗaya gefen kan yaron, ya ce ta ji da kanta inda jijiyar take. Uwar yaron har ta bar likita ba ta san cewa ɗaya ya fi ɗaya iyawa ba.

Bayan kwana kaɗan yarinyar nan ce ta ceci dattijon. An kawo wata yarinya mai tamowa, ta sha zawo, tsinken awon damtse ya faɗa cikin ja, ƙasa da milimita 115. Baba ya ɗauko ledar ƙarin ruwa zai ɗaura, domin haka aka koya musu a zamaninsu: yaro mai zawo, ido ya faɗa, a sa masa ruwa. Mai lisans ɗin ta matso kusa da kunnensa ta ce: "Baba, mai tamowa ce, zuciyarta ba za ta ɗauki ruwan jijiya da sauri ba. Ko mu fara da ReSoMal ta baki?" Ya tsaya, ya sake duba yarinyar, ya mayar da ledar. Gaskiyarta ce. ReSoMal ruwan gishiri da sukari ne na musamman da ake ba masu tamowa su sha. Yaro mai tamowa mai tsanani, idan aka tura masa ruwa ta jijiya kamar sauran yara, zuciya na iya gazawa, sai dai idan ya riga ya galabaita matuƙa, shi ma a hankali ake yi ana sa ido.

Abin da na gani ke nan shekara da shekaru. Yau da gobe ce ke ba mutum hannu da ido: sanin yaron da zai rikice kafin asuba tun kafin awo ya nuna, sanin yadda ake kwantar da hankalin miji mai faɗa a bakin ƙofa. Makaranta kuma ita ke ba da dalili, da sabon abin da aka gano. A da kinin ake ɗaura wa mai zazzaɓi mai tsanani, yanzu allurar artesunat ce kan gaba, kuma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce kuma miligiram 2.4, a yi ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Wanda ya ƙi koyon wannan don ya shekara talatin a aiki, cutar da yaran mutane yake yi. Wanda kuma ya haddace shi amma ya raina mai iya samun jijiya a duhu, zai tsaya da ilminsa a kai yaro yana mutuwa a gabansa.

Yaron da na koya wa ɗaura ruwa aka dawo da shi ya zama shugabana. Yaya zan yi?

Abin yana da ciwo, ba zan ɓoye ba. Ya faru da ni. Shekara huɗu ina riƙe da wata likitar ƙauye ni kaɗai, ni ce mai duba marasa lafiya, ni ce mai rapor, ni ce mai tashi tsakar dare. Rana ɗaya aka turo mai takardar da ta fi tawa, wanda ya taɓa yin sitaj a hannuna, aka ce shi ne shugaba. Ba wanda ya kira ni ya yi mini bayani, a bakin direban ambilans na ji. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, ba naɗin ba.

Abin da zan ce maka, Yaya, kada ka huce a kan yaron. Ba shi ya rubuta dokar da ta ɗora kujera a kan takarda ba. Kada ka ɓoye masa inda rajista take, kada ka bar shi ya faɗa rami kana kallo don a gane darajarka, domin marar lafiya ne zai biya kuɗin wannan fushin. Ka ba shi girman kujerarsa a gaban jama'a, ka gaya masa gaskiya idan kun keɓe. Idan kuma shekarunka sun ba ka dama, ka mayar da fushin ya zama takarda. Ni abin da ya kai ni aji ke nan.

Ni ce sabuwar shugabar, kuma waɗanda ke ƙarƙashina sun haife ni. Ta ina zan fara?

Ta gaisuwa. Ki je inda suke ki gaishe su, kada ki jira su zo ofishinki. Wanda ya kai mahaifinki ki ce masa Baba, wadda ta kai mahaifiyarki ki ce mata Inna ko Hajiya, kada muƙami ya sa ki kama sunansu gatsau. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Watan farko ki yawaita tambaya, ki rage canje-canje. Idan kin ga ana yin wani abu ba yadda aka koya miki ba, ki tambayi dalili tukuna. Sau da yawa dalilin shi ne babu kayan aikin da littafi ya ce, kuma dabarar da kike gani ita ta riƙe wurin shekara goma. Idan kuwa abin yana da haɗari, kamar mayar da murfi a kan allurar da aka yi amfani da ita, ko ba da magani ba a auna yaro ba, to dole ki gyara, a ranar. Amma ba a gaban ƴan jinya ba, ba kuma a gaban ƴan sitaj ba. Dattijon da aka kunyata a gaban ɗalibai ba zai sake buɗe miki baki da shawara ba, kuma ranar da za ki buƙace ta tana zuwa.

Tsarin gardi kuma ki sa sunanki a ciki. Ba abin da ke zubar da girman majo kamar a ga duk daren Sallah na ƙananan ma'aikata ne.

Daɗewa a aiki na ƙara albashi?

Tana ƙarawa, amma a cikin iyaka. Ma'aikatan gwamnati an kasa su rukuni-rukuni, A, B, C da D, kuma takardar da aka ɗauke ka da ita ce ke nuna rukuninka. A cikin rukunin kana hawa mataki duk shekara biyu, kana tashi daga aji na biyu zuwa na ɗaya, zuwa sama. Sai dai duk daɗewarka ba za ka tsallaka zuwa rukunin da ke gaba ba sai da sabuwar takarda da gwamnati ta yarda da ita. Shi ya sa za ka ga wanda ya shekara ashirin da biyar yana daf da rufin rukuninsa, yaron da ya zo jiya kuma ya fara daga wurin da shi ba zai taɓa kaiwa ba.

A ganina nan ne tsarinmu ya gaza. Ya kamata a samu hanyar da za a gwada ƙwarewar wanda ya daɗe, a auna hannunsa da saninsa, a lissafa masa su, maimakon a ce sai ya bar iyali ya koma benci daga farko. Wannan magana ce da ya dace ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya, SUSAS, ta riƙe da ƙarfi kamar yadda take riƙe maganar alawus.

Ina da ASB, ina so in ƙara karatu. Wace hanya ce ba ta da asara?

Hanyar hukuma. Bayan ka cika shekarun aikin da doka ta gindaya, ka shiga konkur, wato jarrabawar gasa, ta ma'aikata. Idan ka ci, a ba ka takardar izinin tafiya karatu, albashinka na gudana, kuma idan ka dawo da sakamako a sake maka rukuni. Hanyar na da jinkiri, gurabe ba su da yawa, wani sai ya zauna sau biyu ko uku. Amma ita ce ba ta jefa mutum cikin nadama.

Na san waɗanda suka gaji da jira suka biya kuɗin makarantar kuɗi daga aljihunsu, suna gardi da dare suna aji da rana, ba tare da izini a rubuce ba. Sun gama, takarda mai kyau a hannu, amma maganar sake rukuni ta maƙale shekaru. Kafin ka biya ko dala, ka tabbatar da abu biyu: makarantar na da izinin koyar da wannan fanni, kuma ɗalibanta na zama jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa da ake yi wa makarantun lafiya na gwamnati da na kuɗi. Sannan ka je ofishin kula da ma'aikata na hukumar lafiya ta jiha ka tambayi matsayinka, ka karɓi amsar a takarda.

Ka kuma shirya wa abin da ba a faɗa. Za ka zauna aji ɗaya da sa'annin ƙannenka, za su fi ka saurin haddar darasi da taɓa kwamfuta. Kai kuma ranar da aka shiga ɗakin gwaji, kai za su zagaye.

Bayan lisans sai me? Ma'aikacin jinya na iya zama likita?

Ba ta hanyar daɗewa ba. Karatun likita hanya ce dabam, a tsangayar kiwon lafiya, kamar wadda ke Jami'ar André Salifou a nan Zinder ko ta Abdu Mumuni a Yamai, kuma daga shekarar farko ake farawa. Jinya ba rabin likitanci ba ce, sana'a ce mai zaman kanta.

Hanyoyinta kuma suna da yawa: sa barci da farfaɗo da marar lafiya, taimakon fiɗa, lafiyar ido, lafiyar ƙwaƙwalwa, abinci mai gina jiki, bin diddigin annoba, tafiyar da ayyukan lafiya, koyarwa. Da yawa daga cikinsu sai an je Yamai, wajen kilomita 900 daga nan, ko dai ENSP Damure Zika ko cibiyar koyar da kiwon lafiyar jama'a ta ISP. Wanda ya iya sa barci, duk likitar gunduma mai ɗakin tiyata na nemansa, domin idan babu shi ba a yi wa mace aikin ciro jariri ko da likitan fiɗa na tsaye.

An tura ni daji. In tafi ko in nemi wanda zai sa baki?

Ka tafi. Shekara biyu a CSI, wato likitar ƙauye, ta wajen Tanut, Gure, Dungas ko Belbeji za su koya maka abin da shekara goma a Babbar Likitar Ƙasa ta Zinder ba za su koya maka ba, saboda a can babu wanda za ka waiwaya ka kira. Kai ne za ka yanke shawarar ko a tura mai naƙuda yanzu ko a jira, alhali hanya rairayi ce kuma ambilans na nesa. Kai ne mai kula da sanyin allurar rigakafi, mai lissafin magani, mai zama da kwamitin gari da maigari, mai hawa babur ka fita rigakafi rugage. Daga Yuli zuwa Oktoba ga rabon maganin kariyar zazzaɓi na yara gida-gida. Tun 2006 da aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, layinsu bai taɓa gajarta ba.

Wahalar gaskiya ce: ruwa, wuta, kaɗaici, da jin cewa an manta da kai. Don haka ka tafi da shiri. Ka adana kwafin kowace takarda, daga ta fara aiki har ta canjin wuri, ka rubuta buƙatar dawowa idan lokacinta ya yi, ka yi karatun konkur a dararen da babu haihuwa.

Shekarun benebol, kwantaragi da sarbis sibik suna shiga lissafi?

A hannu suna shiga, a albashi kuwa lissafi na farawa ne daga ranar da aka ba ka matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati. Sarbis sibik na masu takardar gaba da bak shekara biyu ne. Benebol kuwa, mai aikin sa kai, wani sai ya shekara biyar yana gardi ba ko sisi, yana jiran ɗauka. Duk inda ka yi aiki ka nemi takardar shaida mai sa hannun shugaban wurin da hatimi. Ku kuma masu matirikil, ku ji tsoron Allah game da waɗannan yara. Na ga inda ake bar musu sashe gaba ɗaya da dare, idan abu ya yi kyau ba a ambace su ba, idan ya ɓaci a ce ai benebol ne.

Ƙungiyoyin agaji sun fi biya. In bar gwamnati?

Sun fi biya, kuma suna horarwa sosai. Waɗanda suka yi aiki a sashen yara na Magarya tare da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ke yankin tun yunwar 2005, ana gane su da tsari da kiyaye awo. Amma kwantaragi ne, yana ƙarewa ranar da shirin ya ƙare. Idan kana da matirikil, kada ka yi tafiyarka haka kawai, ka nemi izinin ajiye aiki na ɗan lokaci a rubuce.

Mace mai aure za ta iya yin nisa a wannan aiki?

Za ta iya, ga mu nan. Amma a yi maganar gardi tun kafin a shafa fatiha, ba bayan an tare ba. Mijin da ya yarda da albashi dole ya san cewa akwai kwanan likita a ciki, kuma wata rana akwai tafiya karatu. Ni da goyo na koma aji, ƙanwar mahaifiyata ce ta bar gidanta a Birni ta zo ta riƙe mini yara, kuma ba don ita ba da ban gama ba. Abin da nake roƙon ƴan'uwana mata shi ne kada mu mai da aure hujjar tura wa marasa aure da maza duk wani aiki mai nauyi. Suna gani, kuma daga nan raini ke farawa.

Takardata za ta yi aiki a Kano?

Ba kai tsaye ba. Najeriya na da hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista, sai ta tantance takardarka ta ba ka lasisi, kuma da Turancin Ingilishi ake aiki a rubuce ko da Hausa kake yi da marar lafiya. Haka wanda ya yi karatu a can ya dawo gida, sai ya nemi a daidaita takardarsa da tamu kafin ya shiga layin ɗauka.

Masu shara da masu tura gado da suka daɗe har suka iya allura fa?

Girmansu wajibi ne. Wata Inna mai share ɗakin haihuwa ta fi ni sanin matan unguwa, kuma sau da yawa ita ke fara cewa "Majo, zo ki ga wannan, jinin ya yi yawa." Ina jin maganarta da gudu. Amma ba na ba ta allura ta yi, ko da ta iya sokawa, domin sokawa ba ita ce aikin ba. Sanin abin da ke cikin sirinji, da yawansa, da abin da za a yi idan jiki ya ƙi shi, shi ne aikin. Idan abu ya faru kuma, ita za a fara jefarwa, ba ta da takardar da za ta kare ta.

Ɗiyata ta ci BEPC. Ta shiga ASB yanzu ko ta jira bak?

Idan tana da ƙoƙari kuma gida zai iya ɗaukar shekara uku na lise, Alhaji, ka bar ta ta yi bak, musamman ta fannin kimiyya, sannan ta shiga lisans. Za ta fara daga rukunin da ni sai da na yi shekaru ina fafutuka kafin na kai, kuma ƙofar mastar a buɗe take gare ta. Idan kuwa hali bai ba da dama ba, ko ana maganar aure a kusa, ASB sana'a ce mai mutunci da za ta riƙe ta, kuma ana iya hawa daga nan.

Kafin ku yanke, ka kawo ta ta wuni da mu rana ɗaya a cikin watan Agusta ko Satumba, ta ga layi, ta ji wari, ta ga uwa na kuka. Da la'asar ka tambaye ta ko tana son dawowa gobe.